Jikar Mai Kalangu

Ranar Juma'ar da za mu je gidan Alhaji Masahudu sau biyu na goge rigata. Na goge ta da safe na shimfiɗa a kan gado, sai Lado ya dawo daga gadi ya jefa jakarsa a kai. Na sake jona dutsen guga.

"Kai Sunusi, wai kai za a aura ne ko 'yarka?" in ji shi.

"Ka yi wanka mu tafi masallaci, kada mu makara."

Mu huɗu ne a ɗakin nan namu na unguwar Old Airport a Doha, gadaje biyu masu hawa biyu, da firiji ɗaya da kowa ya rubuta sunansa a robar miyarsa. Shi ya sa ma tafiyar ta kama ni. A ƙa'ida dangin namiji ne ke zuwa wurin uban yarinya. To ina zan ajiye su? A kan gadon Lado? Da Alhaji Masahudu ya ji yadda muke zaune sai ya ce ba komai, in zo falonsa a Madinat Khalifa mu gana, Allah ya ga uzuri. Na amsa, amma abin ya tsaya mini a rai.

Shekarata goma sha bakwai ina tuƙi a Doha. Yanzu motar wani kamfanin gine-gine nake ja, in kai injiniyoyi Lusail da safe in kwaso su da yamma. Haulat ita ce ta biyu a 'ya'yana. Ta yi karatun jinya a Kaduna, shekara biyu da suka wuce ta sami aiki a wani ƙaramin asibiti a nan, suna zaune a gidan ma'aikata mata. A asibitin ta haɗu da Mubarik, yaron da ke gwajin jini, ɗan Zangon Kumasi a ƙasar Gana. Na gan shi sau uku, yana da natsuwa, in yana gaishe ni har ƙasa yake kaiwa. Mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa Hajiya Alimatu tana can Kumasi, kuma Alhaji Masahudu ƙaninta ne, shi ta wakilta a kan maganar.

Gidan su Mubarik gidan malamai ne. Haulat da kanta ta gaya mini haka, tana murna, ta ce sun aika Kaduna a yi bincike a kanmu. Tun ranar da ta faɗi kalmar nan abinci ya daina yi mini daɗi.

Ubana makaɗi ne. Auta mai kalangu, makaɗin mahautan Ƙauran Namoda. Duk jajiberin kasuwa shi ke zagayawa yana sanar da gari an yi yanka, ni kuma ina biye da shi da kuntuku, 'yar ƙaramar gangar nan, a ɗaure a ƙugu tun ina shekara bakwai. Ina da sha biyar na gudu Kaduna na zama kwandasta, daga nan na koyi mota. Duk wanda ya tambaye ni sana'ar ubana sai in ce manomi ne. Ba ƙarya ba ce, yana da gona. Mero matata ta sani, ita ma sai bayan mun yi haihuwar fari. 'Ya'yana ba wanda ya sani.

Abin da ya kore ni daga gida kuwa maganar yayata Nasiratu ce. Ɗan wani mai shagon atamfa ya nemi aurenta, har an fara kai gaisuwa. Da iyayensa suka zauna suka sake shawara, ba su zo sun ce mun fasa ba. Wata tsohuwa suka aiko, ta zauna a tsakar gidanmu, ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar kowa, sannan ta ce wai an ce a tambayi Auta ko yana da sarari bayan Sallah, ɗansu zai yi aure suna son ya yi musu kiɗa. Ina zaune a wurin. Babanmu ya ce yana da sarari. Kuma ya je ya yi.

Haka mutanenmu suke. Ba a ce maka kai ɗan wane ne. Nuna maka ake yi, kai kuma ka gane ka janye da mutuncinka.

Bayan an sauko daga Juma'a muka ɗauki hanya ni da Lado, don ba a zuwa irin wannan zama mutum ɗaya. Gidan wani babban gida ne da aka yanyanka, Alhaji Masahudu yana da ɗaki da falo a ƙasa. Dattijo ne gajere mai furfura a gemu, ya girme ni da kamar shekara goma, yana kula da sito a wani otal a Lusail. Ya tare mu a bakin ƙofa da hannu biyu.

"Malam Sunusi! Maraba, maraba. Ku shigo da sauri kada sanyin ya gudu."

Falon kuwa sanyi kamar firijin nama. Ya ce ba don shi yake ƙure na'urar sanyin ba, shi zai iya jure zafi, su ne ba za su iya ba. Ya nuna bango da haɓa. Kanta ce tun daga ƙasa har kusan kafaɗata, cike da faya-fayen garmaho a cikin kwalayensu, an jera su a tsaye. A gefe ga garmahon a kan tebur, an rufe shi da farin ƙyalle.

Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya kawo shinkafa da wake da wani baƙin yaji irin nasu, ya kawo ruwa. Lado ya ci har yana gumi. Ni cokali uku na yi. Ina jira ya ɗauko maganar da ta tara mu, sai na ga ya wanke hannu, ya goge sosai da tawul, ya nufi kantar.

"Kafin magana, bari in ba ku abin da ya fi shinkafa," in ji shi. "Kun san jaz?"

Lado ya ce yana ji a lif ɗin ginin da yake gadi.

"Wannan ba jaz ba ne, maganin barci ne. Tsaya ka ji."

Ya zaro faifai ɗaya ya miƙo mini kwalin. Hoton wani baƙin mutum ne ya cika shi, ya sa kwat, bakinsa a buɗe, gumi na zuba a goshinsa, sanduna biyu a hannu, ganguna sun kewaye shi. An rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a sama. Alhaji ya faɗi sunan, ya faɗi shekarar, tun kafin a haife ni, amma ban riƙe ba, domin kunnena ya riga ya fara ƙara.

"Ka ga wannan layin gaba ɗaya?" Ya shafa sahu guda na kantar, ya kai faifai arba'in. "Duk na makaɗa ne. Ba wai suna ciki ba kawai, a'a, su ne masu ƙungiyar. Mai ganga shi ne maigida. Dubi sunayen masu busa, ga su nan ƙanana a ƙasa, yaransa ne. Shi zai ɗauko su suna samari, ya hore su, in sun ƙware su tafi su kafa tasu, ya sake ɗauko wasu. Tun ina Akara nake tara su, ɗaya bayan ɗaya. Wancan a Takoradi na same shi wurin wani kukun jirgin ruwa."

Na ce a raina, cikin faya-fayen nan sama da ɗari biyu, me ya sa sai layin makaɗa? Me ya sa ni ya miƙa wa kwalin bai miƙa wa Lado ba?

Lado ya leƙo ta kafaɗata ya yi dariya. "Ikon Allah! Alhaji, a garinmu makaɗi ko tabarma ba a shimfiɗa masa, daga bakin zaure yake tsayawa. Ga shi nan an sa masa kwat an buga shi a kwali. Sunusi, ka ga maroƙin Amurka?"

"Na gani," na ce.

Alhaji ya ɗora faifan, ya sauke allura a hankali yana riƙe numfashi. Aka ɗan yi ƙaraf-ƙaraf, sai gangar ta fara ita kaɗai, ƙasa-ƙasa, tana tasowa kamar ruwan sama ya doso rufin kwano daga nesa, tana ƙaruwa tana ƙaruwa, sai ya fasa ta a kan wani farantin ƙarfe, masu busa biyu suka shigo tare. Ba zan ce na san abin da suke busawa ba. Amma na san abin da mai gangar yake yi. Yana bayansu yana tura su. In mai busa ya fara sanyi sai ya zabure shi da bugu biyu, in ya yi abin kirki sai ya amsa masa. Haka babanmu yake yi wa 'yan dambe.

Na ajiye kwalin a kan kujera na haɗa hannuwana a cinya. Alhaji ba garmahon yake kallo ba, ni yake kallo, yana murmushi.

"Malam Sunusi, kai za ka fi Lado gane wannan. Na ga fuskarka."

Me ya gani a fuskata? Na ce, "Ni direba ne, Alhaji. Rediyo kawai nake ji, shi ma labarai."

"Haba, ku mutanen Zamfara? Ganga a jininku yake."

Ban taɓa gaya masa ni mutumin Zamfara ba ne. A Doha kowa ɗan Kaduna ya san ni. Gumi ya karyo mini a cikin sanyin nan. Watau binciken bai tsaya a Kaduna ba, ya wuce har gida.

Faifan ya kai wani wuri da duk masu busa suka yi shiru, aka bar mai ganga shi kaɗai. Alhaji ya ɗaga yatsa. "Nan, nan! Ku saurara." Gangar ta yi magana da murya mai kauri, sai muryar ta hau, ta sirance, ta sake sauka, kuma fata ɗaya ce ake bugu. "Kun ji? Gwiwar hannu yake dannawa a kan fatar yana bugawa da ɗaya hannun. An ce irin namu na gida ya ji ya kwaikwaya. Malam Sunusi, wane ganga ne ke haka a wajenku?"

Lado ne ya ce, "Kalangu mana."

"Kalangu!" in ji Alhaji, ya tafa. Sai ya dube ni. "Hannunka lafiya? Na ga kana matse shi."

Na duba. Damtsena na hagu ya manne da haƙarƙarina, yana matsawa yana saki tare da faifan, daidai inda ake rungume kalangu. Shekara talatin da bakwai rabon da in taɓa shi. Na saki hannun na ce sanyi ne.

Ya juya faifan, muka ji ɗaya gefen. Ya sa wani, na wani makaɗin daban, wannan ya ce shi lissafi yake yi da ganga, ba ya gumi. Ina zaune ina tunanin Haulat, da yadda ta turo mini hoton wani leshi jiya tana tambaya ko kalar ta yi. Ina tunanin yadda zan ce mata an fasa, da abin da zan ce in ta tambayi dalili. Har yanzu bai ambaci sunanta ba, bai ambaci Mubarik ba. Awa ɗaya da rabi muna jin makaɗa.

Sai ya rage sautin, ya zauna kusa da ni, ya dafa gwiwata.

"To Malam Sunusi, maganar biki. Mu a Kumasi ba ma biki shiru. Ni dai kalangu nake so, na gaske, ba na cikin waya ba. Kai ka san gida. Ba ka da wani naka da zai zo ya yi mana?"

Tsohuwar nan ta tsakar gidanmu na gani a raina, da kwanon ruwa a gabanta. Na ji kaina yana magana kafin in yi shawara da zuciyata.

"Alhaji, ba sai ka ƙara wahalar da kanka ba. Na gane tun faifan farko. Gaskiya ne abin da aka gaya muku. Ubana Auta mai kalangu ne, makaɗin mahauta, ni ma na yi masa kuntuku shekara takwas. In kun fasa ku ce kun fasa, ba zan riƙe ku ba. Amma don Allah kada a yi wa yarinyar nan irin wannan. Ita ba ta san komai ba. Ko a hoto ba ta taɓa ganinsa ba."

Alhaji ya tashi ya ɗage allurar. Falon ya yi tsit sai ƙugin na'urar sanyi.

"Wane Auta?" ya ce.

Na dube shi. Babu murmushi yanzu, babu kuma wayo a fuskar. Mamaki ne zalla.

"Wanda aka gaya muku a bincike."

Ya ɗauko wayarsa, ya lalubo wani saƙon murya ya kunna. Wani mutum ne da Hausar Kaduna yake cewa ya je Tudun Wada, ya tambayi limamin unguwa da maƙwabta uku. Malam Sunusi direba ne, mai sallah, ba shi da abokin faɗa, asalinsa Zamfara ne, iyayensa manoma ne sun rasu, matarsa mutuniyar kirki ce, yarinyar ba a taɓa jin wani abu a kanta ba. Shi ke nan saƙon. Alhaji ya miƙa hannu bayan kujerar da nake zaune ya jawo wani kwando da aka rufe da sabon tawul. Ya buɗe. Goro ne da alewa da dabino.

"Yayana ya ce in ba ka wannan, in tambaye ka wane wata ya yi maka," in ji shi, da Hausarsu da ba ta raba mace da namiji. "Malam Sunusi, ni duk wanda ya shigo ɗakin nan sai ya ji faifai. Mai gyaran famfo ma sai da ya ji biyu kafin na bar shi ya taɓa famfon. Matata shi ya sa ta ce Kumasi ya fi mata."

Lado ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Sunusi, shekara shida muna ɗaki ɗaya. Ka bar ni ina ta zuba maganar tabarma?"

Goron nake kallo.

Alhaji ya koma ya zauna. Da farko har idonsa ya yi haske, ya fara tambayata ko gaske ne kowane mahauci da takensa, ko har yanzu ina tuna wasu. Sai ya katse kansa, ya shafa gemu.

"Ni a wurina wannan ba abin ɓoyewa ba ne," ya ce. "Ka ga bangona. Amma ba ni ne uban Mubarik ba. Akwai baffansa a Kumasi, Malam Gariba, shi ne babba a gidan, shi zai karɓa masa aure. Shi da ni ba ma shan shayi tare."

"To Alhaji, ai sai ka yi kamar ba ka ji ba," in ji Lado. "Mu uku ne. Ni wallahi na manta ma. Khalas, shi ke nan."

"Alimatu ta ce mini, Masahudu, kai ne idona a can, kai ne kunnena. Kunnen ya ji. In na rufe, gobe wani ɗan Ƙaura ya sauka Kumasi da shanu ya faɗa, yarinyar tana cikin gidansu da ciki, wa zai tsaya mata? Gara yanzu."

Na san gaskiya ya faɗa. Na roƙe shi kwana ɗaya in gaya wa Haulat da bakina. Ya ce ya ba ni biyu. Kwandon ya mayar bayan kujera, ya ce yana nan yana jira, goron dai in ya bushe a sayi wani.

Washegari da azahar na tsaya a bayan asibitinsu na kira ta. Ta fito da kayan aikinta, ta shigo gaba, na miƙa mata shayin karak da na sayo. Na bar injin a kunne saboda zafi. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Baba, me ya faru? Sun ce a'a?"

Na gaya mata duka, tun daga kuntuku har kwando. Ban dube ta ba, sitiyari nake kallo.

"Shi ke nan?" ta ce. "Wallahi na ɗauka wani ka kaɗe da mota." Har ta ɗan yi dariya. Sai dariyar ta tsaya. "Tsaya, Baba. Ba su sani ba? Kai ka gaya musu?"

"Na ɗauka sun sani."

"Goron yana bayanka?"

"Yana bayana."

Ta ajiye kofin a kan dashbod. "Ka san wane ne Baffa Gariba? Mubarik ya ce ko waya ce ta yi kiɗa a gabansa sai ya sa an canja mata ƙara. Ƙanwar Mubarik wani tela ya nema, sai da aka binciko kakan kakansa." Ta juyo ta dube ni. "Shekara ashirin da shida ka riƙe abin nan ba ka gaya mini ba, ni da jinina ne. Sai ranar da aka zo da goro ka ga ya dace ka gaya wa baƙo?"

"Haulat, ki yi haƙuri."

"Ni ban san ma wanne ya fi ba ni haushi ba, shirun ko maganar."

Ta goge ido da gefen mayafinta, ta ce lokacinta ya cika, akwai masu jiran allura. Ta fita ba ta ɗauki shayin ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi ba labari. Na kira Mero na gaya mata, ta ce tun ranar da ta san ni bakina ba ya buɗewa sai inda bai kamata ba, sannan ta fashe da kuka, sannan ta ce za ta sa a yi sauka. Haulat tana amsa gaisuwata da kalma biyu. Mubarik ya kira ni sau ɗaya ya ce, "Baba, ni ina nan inda nake," amma yaro ne, na san ba shi ke yanke magana ba. Sau biyu ina wuce mararrabar da nake shiga a Lusail, hanyar da nake bi ko ido a rufe, har babban injiniyan ya tambaye ni ko ina bukatar ganin likita. Lado bai gaya wa kowa ba. Ya daina tsokanata ma, abin da ya fi tsokanar ciwo.

Ranar Laraba da rana ina zaune a mota a inuwar wani gini da ba a gama ba, sai lambar Gana ta shigo. Na goge hannuna a wando kafin na ɗauka.

"Salamu alaikum. Baban Haulat ne? Alimatu ce, uwar Mubarik."

Muka gaisa. Ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, ta tambayi mutanen Kaduna. Na amsa mata ɗaya bayan ɗaya.

"Masahudu ya gaya mini," ta ce. "Ba zan ɓoye maka ba, ban ji daɗi ba. Na kai wa Malam Gariba, don ba ni da ikon rufe masa. Ya ce shi ba zai hana ba, tunda addini bai hana ba, amma ba zai karɓa ba, ba zai zo ba, kuma kada a ɗaura a masallacin gidansu. Mun yi kwana huɗu muna abu ɗaya. Na kira ɗana na ce ka ji abin da baffanka ya ce. Ya ce ya ji, shi dai Haulat. Ni kuma yarinyar nan lokacin da aka yi mini aikin ido kullum sai ta kira ta tambayi ko na ɗiga magani. 'Ya'yan cikina ba su yi haka ba."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya."

"Tsaya ban gama ba. A nan Doha za ku ɗaura, Masahudu ya karɓa masa. Ba taro, ba kiɗa, Masahudun ya ji haushi amma shi ya sani. In sun zo Kumasi gidana za ta sauka, ba babban gida ba. Kuma Baban Haulat, waɗanda suka sani sun isa. Kada ka ƙara zama a falon wani ka ba da labari."

"Ba zan ƙara ba."

"To wane wata ya yi maka?"

Na ce Rajab, don shi ne ya fara zuwa bakina. Ta ce Allah ya kai mu, Juma'a mai zuwa in koma wurin Masahudu in karɓi saƙona.

Da ta kashe na daɗe riƙe da wayar. Na so in ji farin ciki sosai, amma abin da ke raina shi ne babban gidan nan da 'yata ba za ta shiga ba, da ranar suna, da ranar Sallah, da duk ranar da za a taru a dube ta. Na kira ta. Sai a kira na biyu ta ɗauka, tana magana ƙasa-ƙasa, ina jin ana kiran lambar marasa lafiya a bayanta.

Na gaya mata yadda muka yi, ban rage komai ba.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi magana.

"Baffan ba zai zo ba ke nan."

"Ba zai zo ba."

"Rajab kuma? Baba, wata biyu fa ya rage. Ko bizar Mama ba a fara nema ba."

"In kira in ce a ɗaga?"

"A'a! Don Allah kada ka sake kiran kowa. Bar shi haka." Na ji ta ja hanci. "Ka ci abinci?"

Na ce ban ci ba tukuna. Ta ce in je in ci, za ta kira Mama da kanta in ta tashi. Injiniyan ya ƙwanƙwasa gilashi da hular kwanonsa yana cewa yalla, yalla, watau mu tafi, na ajiye wayar na buɗe masa ƙofa.